Kafin A Fasa Hanya, A Ji Ta Bakin Mai Gona

A ƙasar Adar da kwarin Majiya da na Tarka, wato gundumomin Keita, Buza da Madawa na jihar Tawa, babu ƙauyen da ba ya marmarin hanya mai kyau. Mai albasa yana son kamyo ya iso har bakin garkarsa, marar lafiya yana son a kai shi gidan likita kafin dare, ɗan ci-rani kuma yana son ya komo gida ba tare da ya kwana bakin ƙorama yana jiran ruwa ya janye ba. Amma duk da wannan marmari, idan ma'auna suka iso da turaku da jan fenti, sau da yawa sai gunaguni ya tashi: wannan ya ce an raba masa gona biyu, wancan ya ce an toshe burtali, dattijo kuma ya girgiza kai ya ce inda aka shata gadar ba nan ruwa ke bi ba.

Batun ya ƙara nauyi a ƴan shekarun nan, domin manyan ayyuka sun yawaita. Bututun man fetur da aka fara shimfiɗawa a 2019, daga Agadem zuwa gaɓar teku a ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa kudancin jihar Tawa. Hanyoyi, madatsun ruwa da wayoyin lantarki su ma duk ta gonaki da makiyaya suke bi. Saboda haka ya dace ma'aikaci da manomi su san matsayin wannan gunaguni a idon doka, su kuma san abin da tarihin yankin ya koyar a kansa.

Abin da doka ta tanada

Kafin a fara babban aiki, doka ta wajabta a yi abin da ake kira binciken illar aiki ga muhalli. Ma'anarsa ita ce a zauna tun da wuri a auna abin da aikin zai yi wa ƙasa, ruwa, itatuwa, dabbobi da zaman jama'a, sa'an nan a faɗi yadda za a kauce wa ɓarna, ko a rage ta, ko a biya diyyarta. Ƙasar Amurka ce ta fara kafa wannan ƙa'ida a 1970, Faransa ta bi baya a 1976, kuma babban taron duniya na birnin Riyo a 1992 ya yi kira ga dukan ƙasashe su riƙe ta.

A Nijar, taron Maraɗi na watan Mayu 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, shi ya ɗora yaƙi da hamada a wuyan kowace hukuma da kowane ɗan ƙasa. A watan Janairu 1997 aka shigar da binciken illar ayyuka cikin dokokin ƙasa, doka mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998 ta ƙarfafa shi, daga baya doka mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga Mayu 2018 ta sake tsara shi baki ɗaya. Ofishin ƙasa mai tantance lamurran muhalli, wanda aka fi sani da BNEE, shi ke duba rahoton, ministan muhalli kuma shi ke ba da takardar amincewa. Jin ra'ayin jama'ar da aikin ya shafa yana cikin sharuɗɗan da doka ta gindaya.

Akwai wani abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. Mai aikin, gwamnati ce ko kamfani, shi ke ɗaukar masanan da za su yi binciken, shi ke kuma biyansu. Haka tsarin yake a yawancin ƙasashen duniya, kuma ba laifi ba ne. Sai dai wanda aka ɗauka aiki, ko da mai gaskiya ne, yana da ranar da aka ɗibar masa da kuɗin da aka iyakance masa. Abin da ke daidaita ma'aunin shi ne bakin mutanen wurin. Idan aka cire shi, rahoton ya zama mai aiki yana yi wa kansa shaida.

Ƙasar da ruwa ke gudu

Wanda bai san Adar ba yana iya zaton ƙasa mai ƙarancin ruwan sama ba ta da matsalar ruwa. Gaskiya ne a yawancin shekaru abin da ke sauka bai wuce milimita 300 zuwa 500 ba, amma yana sauka ne cikin ƴan kwanaki, da ƙarfi, a kan tuddai masu duwatsu da fako wanda ba ya shan ruwa. Cikin sa'a guda ƙoramar da ta bushe wata tara takan cika ta batse, ta gangara kwari ɗauke da rairayi da tsakuwa. A cikin kwarin kuwa arzikin yankin yake: gero da dawa da damina, albasa da sauran kayan garka da rani.

A irin wannan ƙasa, duk hanyar da aka ɗaga bisa ƙasa madatsa ce, ko an yi nufin haka ko ba a yi ba. Ruwan da a da yake malala a shimfiɗe ta ƙananan magudanai goma, hanya takan tattara shi ta sake shi ta kafa ɗaya. Gonar da ke sama takan zama tafki, gonar da ke ƙasa kuma ruwa ya fasa ta, ya haƙa kwazazzabon da ke ƙara faɗi kowace damina. Idan kafar ta yi ƙanƙanta, rairayi ya toshe ta, ruwa ya haura ya yanke hanyar kanta. Ban da wannan, akwai ramukan da ake ɗibar marmara a bar su buɗe, akwai itatuwan gawo da ake sarewa, akwai burtalin da ke kai dabbobi mashaya.

Haka nan kuma hanyar da aka tsara da hankali tana iya zama alheri biyu. Idan aka yi mata shimfiɗar siminti a inda ta tsallaka ƙorama, aka ɗan ɗaga bakinta, sai ta rage gudun ruwa, ta baza shi cikin fadama, ƙasa ta sha, rijiyoyin garka su daɗe ba su ƙafe ba. Bambancin waɗannan hanyoyi biyu yana ga sanin inda ruwa ke bi da iyakar inda yake kaiwa. Injiniya yakan zo da rani, ya auna busasshen kwari, ya duba lissafin ruwan sama na tashar da ke nesa. Dattijon ƙauye kuwa ya san shekarar da ruwa ya kai gindin tsamiyar kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Darasin itatuwan Majiya

Yankin yana da nasa tarihi a kan abin da ke faruwa idan aiki mai kyau ya riga tambaya. A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza, tare da ƙungiyar CARE ta Amurka, suka fara dasa itatuwan bedi a kwarin Majiya domin su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona tana binne shuka. An dasa su layi biyu-biyu, da tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon jerin ya haura kilomita 400, kuma awon da aka yi a shekaru dabam-dabam ya nuna amfanin gona ya ƙaru da kimanin kashi 15 zuwa 23 cikin 100 a gonakin da ke samun kariya. Sunan Majiya ya zaga duniya a matsayin abin koyi.

Amma a bayan wannan nasara akwai tambayoyin da ba a amsa ba ranar dashe. Domin itatuwan su rayu, an hana dabbobi shiga kwarin har tsawon shekaru, an sa masu gadi. Makiyayan da suka saba sauka cin kara bayan girbi suka ga an rufe musu ƙofa, matan da ke kiwon awaki da tumaki a gida su ma abin ya taɓa su. Wanda layin ya bi ta gonarsa ya rasa wani yanki na ƙasar noma, inuwa da saiwa kuma suka rage masa amfanin abin da ke kusa da itatuwan, alhali kuwa maƙwabcinsa yana cin moriyar kariya bai ba da ko taki ɗaya ba.

Babbar tambaya ita ce: itacen na wane ne? Na mai gona, ko na waɗanda suka dasa, ko na gwamnati? Manoma da yawa sun ɗauka na gwamnati ne, domin haka suka saba gani tun zamanin Turawa. Sai a tsakiyar shekarun 1980, da itatuwan suka isa sara, aka zauna neman yadda za a raba itace da kuɗinsa. An warware batun daga baya ta hanyar ƙungiyoyin ƙauyuka, amma da an yi wannan zama tun 1975, da an huta da zargi da ɗari-ɗari na shekara goma. Tun ran gini ran zane.

Darasin Keita da na tafkin Kalmalo

A 1984, tsakiyar babban fari, aka buɗe furojen raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kuma shirin abinci na duniya. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Cikin kimanin shekara 20 an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an gina madatsun ruwa, an fasa hanyoyin karkara sama da kilomita 300. Mafi yawan masu ɗaukar dutse da haƙar ramukan dashe mata ne, domin maza sun tafi ci-rani.

Ƙarfin furojen Keita shi ne ya ɗauki kwari gaba ɗayansa, daga kan tudu har cikin fadama. Yankin ya riga ya ga abin da ke faruwa idan ba a yi haka ba: madatsar Ibohaman, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1960, laka da rairayin da ke gangarowa daga tuddai sun cinye babban rabo na cikinta. Amma ko a Keita, fakon da aka farfaɗo ya zo da tasa tambaya. Muddin ƙasa ba ta ba da komai, ta kowa ce, dabbobi na ratsa ta yadda suka so. Ranar da ta yi kore, sai masu ita su bayyana. Irin wannan rikici yana cikin dalilan da suka sa dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin zirga-zirga da dabbobinsa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, wato mutanen da ke ƙasan ruwa. Majiya ba ta tsaya a Buza ba. Tana gangarawa ta ƙasar Ƙwanni ta faɗa tafkin Kalmalo, kusa da Illela, cikin Najeriya. An gina madatsun Mozage da Zango a kanta domin noman rani na Ƙwanni, kuma raguwar ruwan Kalmalo, wadda ta gurgunta su da noman rani a wancan gefe, ana danganta ta da fari da kuma waɗannan madatsu. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a kan rabon ruwan da suka yi tarayya, Majiya na ciki. Binciken da ya tsaya iyakar inda aiki ya tsaya, bai bi ruwa zuwa inda ya nufa ba, rabin bincike ne.

Ƙorafi a wasu ƙasashe

Kada a zaci mutanen karkara kaɗai ke ƙalubalantar rahoton masana. A birnin Landan na Ingila an tsara haƙa hanyar motoci ta ƙarƙashin kogin Tems, a unguwar Silvertown. Masu aikin suka ce za ta rage cunkoso. Mazauna unguwannin da ke bakin ramin, waɗanda yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne, suka ce sabuwar hanya sababbin motoci take jawowa, kuma su da ƴaƴansu ne za su shaƙi hayaƙin manyan kamyo. Gwamnati ta amince da aikin a 2018, an buɗe hanyar a watan Afrilu 2025. Ƙorafin bai hana aiki ba, amma izinin ya zo da sharaɗin a ci gaba da auna iska da yawan motoci bayan buɗewa, a kuma ɗauki mataki idan abin ya wuce yadda aka faɗa.

Misali na biyu yana nan kusa, kuma ya fi ɗaci. An gama madatsar Bakolori, kusa da Talata Mafara a arewacin Najeriya, a 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta kukan diyya da rabon ƙasa ba a saurare su ba, har suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu 1980 aka tura ƴan sanda, rayuka da dama suka salwanta. Manoman fadamar da ke ƙasan madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke ba su shinkafa da kifi. Kukan da aka ƙi ji a zauren shawara, a kan hanya aka ji shi.

Inda gizo ke saƙa

Doka ta ce a ji ta bakin jama'a, amma jin ma iri-iri ne. Matsala ta farko ita ce harshe. Rahoton yakan zo da Faransanci, shafi ɗari biyu ko fiye, cike da kalmomin da ko malamin makaranta sai ya nemi ƙamus. Mutanen da za su zauna da sakamakon aikin kuwa Hausa suke ji, ko Tamajak, ko Fulatanci. Taƙaitaccen bayani na shafi huɗu cikin harshen gida, da taswirar da ke nuna sunayen gonaki da rijiyoyi yadda mutane ke kiransu, bai kai kuɗin buhun siminti ɗari ba, amma yana iya ceton gada.

Ta biyu ita ce lokaci. Taron da aka kira bayan an zana hanya, an ba ɗan kwangila aiki, sanarwa ce aka zo yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kuma taron da aka yi da rani a Adar yakan tarar da magidanta da yawa suna Abijan ko Legas ko Libiya wajen ci-rani, wanda aka yi da damina kuma makiyaya sun yi arewa.

Ta uku ita ce waɗanda ake gayyata. Sarkin kanto da mai gari suna da girmansu, kuma ba a shiga gari sai ta ƙofarsu. Amma matar da ke noma gamana, da wanda ya ari gona ko ya karɓe ta jingina, da makiyayin da ba ya da gida a garin, ba lalle su buɗe baki gaban manya ba. Mata su suka ɗauki duwatsun Keita a ka. Bai dace a yanke shawara a kan ƙasar da suka farfaɗo suna bayan zana ba. Ya kamata a yi musu nasu zama dabam.

Ta huɗu ita ce diyya. Dokar ranar 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara a watan Yuli 2008, ta ce idan za a karɓi ƙasar mutum domin amfanin jama'a, a biya shi diyya ta adalci, kuma kafin a karɓa. Garkar albasa a kwarin Tarka, mai rijiya da ruwa kusa, ba ɗaya take da jigawa ba, ko da faɗinsu ya zo daidai. Gawon da ke tsakiyar gona shi ma dukiya ne, domin yana ba da taki da abincin dabbobi kowace shekara.

Ta biyar ita ce bin diddigi. Kowane rahoto yana ƙarewa da jerin alkawura: za a cike ramuka, za a dasa itatuwa, za a yayyafa ruwa saboda ƙura, za a bar mashigar dabbobi. Idan mutanen gari ba su san an rubuta waɗannan alkawura ba, babu mai tambayar su ranar da ɗan kwangila ya naɗe kayansa.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ga ma'aikatan gwamnati, tun daga gwamna har zuwa ma'aikacin gona na ƙauye, aikin shi ne su ɗauki ƙorafi a matsayin bayanin da ya zo musu kyauta. Ba kowane ƙorafi ne ke da tushe ba; akwai mai son hanya ta bi ta ƙofar shagonsa, akwai mai dasa icce da dare domin ya ƙara kuɗin diyya. Maganin wannan shi ne a rubuta kowace magana, a je wurin a gani da ido tare da kwamitin filaye, a ba da amsa a rubuce, a kuma karanta ta a bainar jama'a. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuwa, wannan ita ce ranar da alƙalaminsu zai yi wa gari amfani. Idan labarin aiki ya zo, su nemi sanin ranar taro, su sanar da mata da makiyaya. Su rubuta sunayen masu gonaki, yawan itatuwa da rijiyoyi, da wuraren da ruwa ya taɓa kaiwa a manyan damuna. Su tambayi ta ina ruwan sama zai fita, gonar wa zai faɗa, ina dabbobi za su tsallaka, wa zai cike ramuka, yaushe za a biya diyya. Su roƙi a rubuta tambayoyinsu cikin takardar taron kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, su kuma ajiye tasu takardar wajen mai gari.

Hanyar da ta tashi daga Madawa ta bi ta Buza da Keita ta faɗa Tawa, da ƙananan hanyoyin da ke shiga ƙauyuka, su ne jijiyoyin kasuwar albasa da hatsi da dabbobi. Kowace damina tana gwada su. Gadar da aka gina inda dattawa suka nuna takan ga jikokin waɗanda suka gina ta; wadda aka gina bisa takarda kaɗai, baitulmali yakan biya kuɗinta sau biyu, mai gona kuma ya biya da gonarsa.